Yaushe Ruwa Yake Daina Zama Ruwa?

Yaron da ke bin motoci da gorar Aquafina a Sabon Tasha, Kaduna, bai san kalmar da ke hannunsa ta haura shekara dubu biyu ba. Aqua shi ne ruwa a Latin, harshen Rumawan da. Da daularsu ta wargaje, kalmar ta shiga uwa duniya. Mutanen Italiya suka riƙe ta kusan yadda take, suna cewa acqua. A Sifen ta zama agua, a Romaniya apă, a tsibirin Sardiniya abba. Faransawa kuwa sun yi ta taune ta har ta koma eau, haruffa uku a rubuce, a baki kuma "o" kawai, kamar yadda ɗan makarantar boko a Maraɗi zai faɗa.

Kalma ta sauya kama har uwarta ba za ta gane ta ba, amma abin da ke cikin tulu bai sauya ba. Masu addini ba su ga aibi a nan ba. Alƙur'ani, a Suratur Rum, ya lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah, kuma babu malamin da ya taɓa cewa alwalar Bayarabe ba ta yi ba don ya kira ruwansa omi.

Duk da haka, suna yana da nauyi a fiƙihu, ta wata fuska mai ban sha'awa. Shehu Halilu na Masar, wanda ya rayu a ƙarni na 14, kuma har yau ake karanta Muhtasar ɗinsa a zaurukan ƙasar Hausa, da suna ya auna ruwan tsarki: shi ne wanda za a ce masa ruwa kawai, ba tare da an liƙa masa wani abu ba. Ruwan lemo ba ya alwala, haka ruwan shayi. Almajiri tun daga littafin Ishmawi yake haddace alamomi uku na sauyin ruwa: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Ja ko baƙin da laka ko gansakuka suka jawo an yafe shi, domin ƙasa gidan ruwa ce. Wanda baƙon abu ya jawo, ba a yafe ba. Cocin Katolika ma, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana kiran aqua a ibadarsa kafin babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, dokarsa ta ce baftisma ba ta inganta sai da ruwa na gaskiya. Liman a Makera da fada a Kakuri tambaya ɗaya suke yi wa buta da kwano.

Kuma Hausa da kanta ta hango haɗarin liƙa wa ruwa wani abu. Bahaushe da ruwa yake kiran launi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda. Da shi yake kiran riba, kuɗin ruwa. Da shi kuma yake tsame hannunsa daga lamari, ya ce ba ruwana.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi cutar Kaduna. Tun rikicin 2000 da na 2002, kogin da ya ari sunansa daga kada ya zama iyaka, har wasu na kiran tsallaken arewa Makka, na kudu Kudus. An yi ta ƙaura, kowa yana neman inuwar nasa. Kogin kuwa bai samu mai shi ba.

Alhali nan kudu ne tambayar Halilu ta fi cizo. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kuma shekara da shekaru magudanar Makera tana kwarara ruwan rini da dattin masana'antu cikin kogi. Masaƙun sun durƙushe, amma bola da ƙazantar unguwanni sun gaje su. Jan ruwan damina, mai laka, ruwa ne a wajen malami da fada. Abin da ke fitowa daga bakin magudana da rani, baƙi mai wari, babu ɗayansu da zai yarda a yi ibada da shi. Da shi ne kuma wasu masu lambu a bakin kogi ke shayar da alayyafo da latas, waɗanda da asuba ake lodawa a Keke Napep, wasu su nufi kasuwar Kakuri, wasu su haye gada zuwa Kasuwar Shehu Abubakar Gumi.