Zuwa da Kai Ya Fi Aike

Da tsakar daren 23 ga Disamba 1972 ƙasa ta girgiza a Managua, babban birnin Nikaragua. Kafin gari ya waye tsakiyar birnin ta zama kango, gobara kuma ta bi ta lashe abin da rushewa ta rage. Dubban mutane suka mutu, waɗanda suka rasa wurin kwana kuwa ba a magana. Labarin ya iske ɗan wasan besbol Roberto Clemente a gida, a tsibirin Puerto Rico, yana hutun ƙarshen kakar wasa. Makonni kaɗan kafin nan yana Managua ɗin, inda ya jagoranci matasan ƙasarsa a wata gasar besbol ta duniya. Saboda haka waɗanda ake cewa gini ya danne ba baƙi ba ne a wurinsa, ya san fuskokin wasunsu.

Besbol wasa ne da wani zai jefo ƙwallo da ƙarfin tsiya, wani ya tarbe ta da sanda ya maka, sannan ya sheƙa ya taka tasha kafin masu tsaron fili su tsinto ta su mayar. Clemente gwani ne a bugu, gwani ne a tsaro. An haife shi ranar 18 ga Agusta 1934 a garin Carolina, shi ne auta, mahaifinsa Melchor helman leburori ne a gonar rake. Ya fara buga wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka wasa a 1955, bai kuma sauya riga ba har shekara 18. Sau huɗu yana zama zakaran bugu na rukuninsu, sau 12 a jere yana karɓar kyautar Safar Hannu ta Zinariya da ake bai wa gwanayen tsaron fili, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi a 1960 da 1971. Masu kallo sun fi tuna jifarsa. Zai bi ƙwallo har can kusurwar dama ta fili, ya sure ta, ya murɗa jikinsa gaba ɗaya ya wurgo, sai ka ga mai gudu ya iso tasha ta uku ya tarar da ita tana jiransa a hannun mai tsaro. Ranar 30 ga Satumba 1972 ya cika bugu na 3,000 cif, adadin da ƙalilan ne suka taɓa kaiwa a tarihin wasan.

Bai sami wannan a ruwan sanyi ba. A Fort Myers ta jihar Florida, inda suke atisayen share fage, baƙar fata ba ya kwana otel ɗaya da abokan wasansa farare. In an tsaya cin abinci a hanya, sai baƙaƙen su zauna cikin bas su jira a miƙo musu. 'Yan jarida suna rubuta Turancinsa a karkace don a yi dariya, in ya ce bayansa na ciwo su ce raki ne. Bai yi shiru ba, bai kuma manta daga inda ya fito ba. Ranar da aka ɗauki kofin 1971, aka zaɓe shi gwarzon gasar, aka miƙa masa makirufo duk Amurka na kallo, sai ya fara da Sifaniyanci, ya nemi albarkar iyayensa, sannan ya waiwayi sauran jama'a.

Wannan ne mutumin da aka ɗora wa shugabancin kwamitin agajin Nikaragua a Puerto Rico. Ya shiga rediyo da talabijin ya yi kira, mutane suka yi ta tururuwa zuwa filin wasa na Hiram Bithorn a San Juan. Mai buhun shinkafa ya kawo, mai gwangwanin madara biyu ya kawo, mai tsohon bargo da mai kwalin magani duk suka kawo. Shi kuma ya kwashe kwanakin Kirsimeti a wurin, ana jera kaya ana ɗaurewa da shi. Jirgi uku ya tashi da kayan. Sai labari ya dawo cewa dakarun Anastasio Somoza, wanda iyalinsa suka shekara fiye da talatin suna juya ƙasar, suna tare kayan a filin jirgi su karkatar da su. Masu yunwa suna nan da yunwarsu.

A nan ne nake ganin halin mutumin ya bayyana, halin kuwa shi ne riƙon amana. Mutane sukan ba da labarin Clemente a matsayin labarin kyauta, ni kuwa ina ganin an rage masa daraja da haka. Kyauta tana da sauƙi ga mai shi: ka miƙa, a gode, ka tafi da farin cikinka. Kayan da ke jibge a filin nan ba nasa ba ne. Na talakawa ne da suka ji muryarsa suka yarda, suka cire daga bakinsu suka ba shi don ya kai wa wasu talakawan. Da sunansa aka tara, don haka duk kwalin da ya ɓace a Managua, a wuyansa ya ɓace. Da ya ga dama ya ce ya yi nasa, ya tara ya aika, abin da ya faru can tsakanin Somoza ne da Ubangijinsa. Babu wanda zai zarge shi, kuma da yawan masu tara taimako a nan suke tsayawa, a ɗauki hoto gaban buhuna a watse. Duk wanda ya taɓa ganin buhun agaji da tambarinsa a rumfar kasuwa ya san inda irin wannan tsayawar take kai kayan mutane. Clemente ya ɗauka cewa ba a sauke amana sai ta shiga hannun mai ita. Ya lissafa cewa sojan da zai ƙwace kaya daga hannun direban jirgi zai ji nauyin yin haka a gaban mutumin da duk Latin Amurka ta san fuskarsa. Zuwa da kai ya fi aike. Ya ce zai raka jirgi na huɗu.

Jirgin da aka samo haya tsohon DC-7 ne mai inji huɗu. A farkon watan Disamba ya yi hatsari a ƙasa, ba a gyara shi yadda ya kamata ba. Babu ƙwararren mataimakin matuƙi, babu ƙwararren injiniya, mai jirgin da kansa ya zauna a kujerar mataimaki alhali bai cancanta ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna an yi masa lodin da ya zarce ƙa'ida da kusan kilo 1,900. Bayan ƙarfe tara na daren 31 ga Disamba 1972, mutane na shirin shiga sabuwar shekara, ya tashi daga San Juan da ƙyar. Inji ɗaya ya lalace, matuƙi ya yi ƙoƙarin juyowa, jirgin ya faɗa teku daura da gaɓar Isla Verde. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya tsira. Clemente yana da shekara 38. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan ƙasar Panama, bai je taron addu'ar da aka yi masa ba, yana can yana nutso a teku ko zai gano gawar. Ba a gano ta ba har yau.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin mai hankali zai yi ta. Matarsa Vera Zabala da 'ya'yansa maza uku, babbansu ɗan shekara bakwai, su ma ai amana ne, kuma sun fi kusa. Wa ya ba shi izinin ya jefa tasu a hatsari don ta baƙi? Tambaya ce mai nauyi, marayun nan kuma su suka biya kuɗin da ba su ci ba. Zan ma ƙara da cewa gaggawa ta shiga lamarin: an yi ta jinkirin tashi saboda gyare-gyare, wanda ya isa ya sa mutum ya dakata ya tambaya. Amma Clemente bai hau jirgin don ya mutu ba, ya hau ne ya kai kaya ya dawo wurin iyalinsa. Ɗan wasa ne, bai san kan injin jirgi ba, ya yarda da wanda ya ce masa jirgi lafiya lau, kamar yadda jama'a suka yarda da shi. Sai ya zamana cin amana ya tare shi gaba da baya. Da dakarun Somoza sun bar kaya sun isa, da babu abin da zai fitar da shi daga gida a daren. Da mai jirgin ya faɗi gaskiyar abin da ke hannunsa, da an nemi wani. Mutum ɗaya ya riƙe tasa har iyakar ƙarfinsa, amma sai da ya bi ta hannun waɗanda ba su riƙe tasu ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a labarin, domin ɓarnar maci amana takan faɗa kan wanda ya fi kowa gaskiya a wurin.

Satar kayan agajin ba ta tafi a banza ba ga Somoza. Ta sa har 'yan kasuwa da malaman coci da a da suke kawar da kai suka juya masa baya, a 1979 'yan tawayen Sandinista suka kore shi daga mulki. Clemente kuwa, a 1973 aka jingine ƙa'idar jiran shekara biyar aka shigar da shi zauren gwarazan besbol, ɗan Latin Amurka na farko da ya shiga. A shekarar ne kuma aka sanya sunansa ga kyautar da ake bai wa ɗan wasan da ya fi hidimta wa jama'a, ana kuma bayar da ita duk shekara har yanzu.

Ya bar wani alkawari da bai kai ga cikawa ba. Ya daɗe yana maganar gina unguwar wasanni inda 'ya'yan talakawan Puerto Rico za su riƙa zuwa kyauta. Vera ce ta ɗauki aikin bayan rasuwarsa. An gina wurin a Carolina, garinsu, yara sun yi ta wasa a cikinsa, ya kuma sha fama da ƙarancin kuɗi da lalacewar gine-gine. Ta shekara da shekaru tana shugabantarsa tana bin masu hannu da shuni da hukumomi, ga renon yara uku ita kaɗai. Ta rasu a watan Nuwamba 2019.