Ɗan Aike A Ƙarƙashin Teku

Mu a ƙasar Daura mun san yadda umurni ya ke tafiya. Sarki ya faɗa, jakada ya kai wa hakimi, ko a Zango ko a Baure, hakimi kuma ya aika wa dagatai. Mukan ce ɗan aike ba shi da laifi. To, idan saƙon na hallaka birni ne fa? Idan kuma muryar mai aiken ta yanke, wa zai amsa a gaban Allah?

Wannan tambaya ba tatsuniya ba ce. Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin da Indiya suna da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, ɗauke da makaman nukiliya. Ruwan gishiri kuwa yakan shanye maganar rediyo. Domin haka aka gina manyan tashoshi, kamar ta Cutler a Amurka da ta Rosnay a Faransa, masu aika saƙo ta hanyar da ke ratsa ruwa kaɗan, misalin mita 20. Jirgi yakan ja doguwar waya a bayansa domin ya kama saƙon, amma ba ya amsawa, kada magabta su gane inda ya ke.

Masu mulki sun san wayar nan tana iya yankewa. A Ingila, kowane sabon firayim minista yakan rubuta wasiƙa huɗu da hannunsa, a kulle su cikin jiragen ƙasar guda huɗu. Ba a buɗe su sai idan gwamnati ta hallaka. Wato mutum ya mutu, amma umurninsa na kisa ko na jinƙai yana nan da rai.

Ranar 27 ga Oktoba, 1962, sa'ad da Amurka da Rasha su ke jayayya a kan Kyuba, wani jirgin Rasha mai suna B-59 ya yi kwanaki bai ji daga Mosko ba. Jiragen Amurka suna jefa ƙananan bama-bamai domin su tilasta shi ya fito. Shugaban jirgin ya zaci yaƙi ya tashi, ya so ya harba makamin nukiliya. Sai wani hafsa, Vasili Arkhipov, ya ƙi yarda. Jirgin ya fito sama, ba a harba kome ba.

Ya 'yan'uwa, a nan ne darasin ya ke. Ranan nan ba waya ce ta tsare duniya ba, lamirin mutum ɗaya ne. Biyayya abu ne mai kyau, Littafi Mai Tsarki kuwa ya umurce mu da ita, amma tana da iyaka. Sa'ad da Sarki Saul ya ce a kashe firistocin Nob, dogarawansa sun ƙi, Doyeg ne ya yi. Dukansu 'yan aike ne, amma ba ɗaya su ke a gaban Allah ba.

Mu ma 'yan aike ne, ko akawu, ko ɗan sanda, ko mai bishara a ƙauye mai nisa. Rana tana zuwa da ba za mu sami wanda za mu tambaya ba. Abin da muka tara a zuciya tun kafin ranar, shi ne zai bishe mu. Ruwan da ke hana maganar sarakuna bai hana addu'ar Yunana isa wurin Ubangiji daga cikin kifi ba. Bari mu saba da muryarsa tun muna kan tudu, mu kuma yi addu'a domin waɗanda mabuɗan nan su ke hannunsu.