Sabunin Inna: Ina Ya Kamata Kunya Ta Zauna?

Ranar da zan taho Madarunfa shiga lise, Inna ta ɗaura mini ƙunshi uku. Na farko ƙuli-ƙuli, na biyu garin rogo, na uku dunƙulen sabuni huɗu da ta dama da hannunta tun kafin a ɗebe hatsi. Launinsu ƙasa-ƙasa, gefensu ba daidai ba, don da wuƙar yanka kuɓewa ta yanka su. Ta ce, "Ga shi, ƴar nan, zai kai ki hutun farko in kin iya riƙo."

Kwana uku da sauka gidan mai masaukina, muna wanki mu huɗu bakin rijiya, sai wata ƴar ajinmu ta ɗaga sabunina da yatsa biyu ta ce, "Ke, wanga mi ne ne? Tuwon jiya ne kika taho da shi?" Aka bushe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma cikina ya yi sanyi. Washegari na tsallake karin safe, jibi ma haka, na haɗa dala arba'in na sayo mai ƙamshi a butik. Da ya ƙare ban yar da takardarsa ba. Na riƙa naɗe na Inna a cikinta, in fito da shi a ɓoye kamar kayan sata.

Yau shekara biyu ke nan, kuma har yanzu ina tambayar kaina: mi na ɓoye? Sabunin yana kumfa, yana fid da dauɗa, bai taɓa ci mini fata ba. Da na duba sosai sai na ga Inna na ɓoye, da rumbunmu, da ƙauyenmu. Wannan shi ya sa na ɗauko alƙalami, ƴan'uwana ɗalibai, don na san ba ni kaɗai ba ce. Wani aswaki yake ɓoyewa, wata man kaɗe, wani kuma takalmin da aka ɗinke masa sau uku.

Mu fara da abin kansa. A ajin kimiyya mushe ya rubuta mana a allo cewa sabuni ba komai ba ne illa mai da aka haɗa da abu mai kaifi irin na toka ko soda. In sun haɗu, kowane ya bar halinsa, su zama wani abu na uku wanda gefensa ɗaya ke kama maiƙo, ɗayan kuma ke bin ruwa. Shi ya sa dauɗar da ruwa kaɗai ya kasa ɗauka take tashi. Ina kwafe wannan cikin kaye sai na tuna Kaka. Ita ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma takan ƙone karan hatsi, ta zuba tokar cikin tukunya mai huda, ta tsiyaye ruwan, ta dafa shi har ya yi kauri, sannan ta zuba mai ta yi ta juyawa. Abin da muke haddacewa don jarrabawa shi take yi a bayan ɗaki, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Wanda aka yi a masana'anta da wanda aka yi a tsakar gida asalinsu ɗaya. Bambancin turare ne, da launi, da takarda.

To, in aikinsu ɗaya, mi ya sa ɗaya ke sa mu ɗaga kai, ɗaya ke sa mu sunkuyar? Ina jin amsar ita ce mun mai da kayan butik shaida. Wanda ya fito da abin saye yana cewa "gidanmu akwai kuɗi" ba tare da ya buɗe baki ba. Wanda ya fito da na gida, sai a karanta masa "babu." Ke nan talauci muke gudu, ko in ce muna gudun a gan mu da shi. Amma kunya a wurin Bahaushe abu ne mai daraja. Ita ke hana yaro ɗaga murya gaban babansa, ita ke hana mutum cin amana. An yi ta ne don ta tsare mu daga mugun aiki. Rashin kuɗi kuwa ba aiki ba ne, hali ne da mutum ya tsinci kansa ciki. In muka ɗauke kunya daga wurinta muka aza ta kan abin da ba laifi ba, to inda ya kamata ta yi gadi sai ya zauna ba mai tsaro.

Kada wani ya ce zancen sabuni ƙaramin zance ne. Mu mutanen Madarunfa mun san ba haka ba ne. A watan Yulin 2018 cutar amai da zawo ta ɓulla a wannan yanki, aka fara ganin masu ita a likitar N'Yalwa, kafin ta bazu zuwa Maraɗi da wasu sassa. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta nanatawa a rediyo da masallatai da kasuwanni: a sha ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabuni bayan fita daga makewayi da kafin cin abinci. Ba wanda ya ce sai mai ƙamshi. A gidan da sabuni ke da tsada, ana adana shi don wankin Juma'a da na suna, ba a barin shi gindin buta yara su yi ta ɓarna. A gidan da ake dama shi cikin bokiti kuwa, Inna takan yanko guntu ta ajiye bakin makewayi ba tare da ta yi lissafi ba. Araharsa ce ta sa ya kai hannun yara. Wannan ba abin dariya ba ne.

Akwai kuma zancen iyaka. Mu nan kusa da Ɗan Isa muke, Jibiya na gaba kaɗan, kuma yawancin abin da ke kan tebur a kasuwanninmu daga can yake shigowa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa da takunkumin CEDEAO har zuwa farkon 2024. Kowa ya ga yadda farashi ya tashi. Manya kuma suna ba da labarin Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, abin da ake shigowa da shi daga Faransa da sauran ƙasashen waje ya yi tsalle cikin ƴan kwanaki. Inna ta ce a shekarar ne matan da suka daina sabunin toka suka koma suna tambayar tsofaffi yadda ake yi. Duk lokacin da hanya ta toshe, gidan da ya iya wani abu da hannunsa shi ke numfashi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai zan zama maƙaryaciya in na tsaya nan. Wani abokinmu a wannan ƙungiya, da na karanta masa rabin rubutun nan, ya ce, "Ke dai kina son ki yi wa talauci kwalliya." Maganarsa ta tsaya mini a rai, kuma akwai gaskiya a ciki har kashi biyu.

Na farko, abin gida ba kyauta ba ne. Muna cewa "bai ci ko dala ba" don ba mu lissafa hannun da ya yi shi. Inna takan tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta ɗora tuwo, sannan ta tsaya juya bokitin sabuni har kafaɗarta ta riƙe. In ni da yayana muna kwance muna danna waya, sannan mu zo muna yabon "tsimin gidanmu," to tsimin nan a bayan Inna muka yi shi. Haka kuma man gyaɗa abinci ne. Shekarar da gyaɗa ta yi tsada, mai da shi sabuni wauta ce, shi ya sa Inna ke tara man suyar ƙosai da ya tsufa, ta tace, ta yi na wankin tufafi da shi. Wani lokaci ma in an yi lissafi na gaskiya, saye ya fi sauƙi. Mai tsimi lissafi yake bi duk inda ya kai shi. Marowaci shi ne wanda ya hana gidansa abin da suke buƙata alhali yana da hali, ya ce wai dubara ce.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi: ba duk abin da aka haɗa a gida ne ke da lafiya ba. Sodar da ake saye a kasuwa tana cin fata, in ta faɗa ido tana iya makantar da mutum. Tana da ƙa'ida. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda. Ba a dama ta cikin tukunyar alminiyo irin wadda maƙera ke zubawa, don tana cinye ta, sai bokitin roba mai kauri. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana son soda wajen giram 135, kuma da sikeli ake aunawa, ba da ido ba. Bayan an yanka, sai ya sha iska aƙalla sati huɗu kafin a sa shi a jiki. Inna ta koyi wannan a ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara, irin ƙungiyoyin asusun nan da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE. Amma na san wata da ta ƙara soda don sabuninta ya yi saurin tauri, ta kai kasuwa bayan kwana uku. Waɗanda suka saya hannuwansu suka yi ta saɓa. Ita ta samu riba, su suka biya da fatarsu.

Nan ne nake son mu tsaya mu kalli kanmu, musamman mu ƴan mata. Abin da ya fi kowane haɗin gida kasuwa a tsakaninmu yanzu shi ne haɗin shafe-shafe. A sayo bututun maganin ƙaiƙayi da likita ya kamata ya rubuta, a matse cikin man shafawa, a ƙara wani ruwa da ba a san sunansa ba, a zuba cikin kwalba marar takarda, a ce "haɗi na musamman." Irin waɗannan sukan ƙunshi kotikoyid, ko haidirokinon, wasu har da zaiba. Suna sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ciwo ya ƙi warkewa, zaiba kuma tana taɓa ƙoda. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Hatta kwallin da kakanninmu ke sa wa jarirai, an gano da yawansa na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Tsufan al'ada ba ya wanke ta.

Ku dubi abin mamaki. Yarinyar da ta kira sabunin Inna tuwon jiya, ita ce daga baya ta riƙa yawo da kwalaben haɗi cikin jakarta tana sayar wa ƴan aji, jikka ɗaya da rabi kowace. Ba ta ɓoyewa, yanga ma take yi. Ni ina jin kunyar abin da ke tsabtace jiki, ita ba ta jin kunyar abin da ke ɓata shi. Ba ina faɗin haka don in rama ba, ni ma na kusa saye. Da nawa ɓoyon da nata tallan, tushensu ɗaya: dukanmu mun yarda cewa yadda aka haife mu, da launinmu, da abin da gidanmu ke iya yi, bai isa a nuna ba.

Saboda haka ga ma'aunin da na tsayar wa kaina, ban ce dole kowa ya ɗauka ba. Kafin in yi amfani da abin gida ko in miƙa wa wani, ina tambaya: na san abin da ke ciki da awonsa? Zan iya faɗa wa mai karɓa gaskiyarsa ido da ido? Wa ya biya sauƙin da na samu? In amsar ta ƙarshe ita ce bayan Inna, sai in tashi in karɓi muciya. In fatar wata ce, sai in zubar. Wanda ya sayar da abin da shi kansa ba zai shafa wa ƙanwarsa ba, shi ya kamata ya sunkuyar da kai. Wanda ya zo lakwal da aswaki da man kaɗe da tufafi wankakku bai ci bashin kowa ba.

Abin da ya fi burge ni game da sabunin Inna shi ne ana iya ganin mai shi. In ya ci wa maƙwabciya hannu, gobe da safe za ta yi sallama a ƙofarmu, kuma Inna ta san haka, shi ya sa ba ta ha'inci a awo. Kwalba marar suna kuwa, wa za ka kama?

Hutun daminar da ya wuce na ce Inna ta koya mini. Ta dube ni ta ce, "Ashe ƴar lakwal na son tuwon jiya?" Ashe ƙanwata ta kai mata labarin tun tuni, ta yi shiru ba ta taɓa nuna mini ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Ta miƙo mini safar hannu ta roba, ta ce in fara auna ruwa. Na farko da na dama ya ƙi kamawa, na biyu ya fito. Guda shida na taho da su bana, suna nan kan taga a gidan mai masaukina, ba takarda. Mai son ganin yadda ake yi ya same mu ranar Lahadi bayan la'asar, ya taho da bokitinsa da tsohon mai in yana da shi.