BA LAYA BA CE, GIDAN TSUTSA NE



'Yan'uwa, idan damina ta ja baya, akan ga wata jaka ruwan ƙasa, mai kauri kamar fata, manne a jikin tsamiya. Mutanenmu daga nan Ɗan Isa har Zurmi da Shinkafi sun sha turo mini hotonta suna tambaya: "Malam, sammu ne aka rataya?" Da yake an taso da jin cewa tsamiya matattarar aljanu ce, nan da nan sai hankali ya tashi.

To ku saurara. Wannan jaka gidan tsutsa ne. Tsutsotsi masu yawa ke cin ganyen itacen, su taru su saƙa ɗaki guda, kowace ta naɗe kanta a ciki har ta fito da fiffike. Kakanninmu sun san ta sarai. Sukan ciro ta, su dafa da ruwan toka, mata su kaɗa zare, a yi wa manyan riguna aiki da shi. Shi ya sa ake kiran zaren tsamiya. Yarabawa na ce masa sanyan. Abin da iyaye suka ci abinci da shi, yau jikoki ke gudunsa!

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Wani ya tafi wurin boka, a karɓe masa kuɗi da tauhidi. Wata ta ce kishiyarta ce. A nuna tsohuwar unguwa da yatsa, a ce mayya ce. Zumunci ya yanke saboda tsutsa. Subhanallah!

Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da tantance labari, aya ta 12 ta hana mu yawan zato. A Suratun Nahl, aya ta 68, Allah Ya ba da labarin yadda Ya kimsa wa ƙudan zuma yin gida a itatuwa. Wanda Ya koya wa zuma, Shi Ya koya wa tsutsa.

Sihiri gaskiya ne, amma ba kowane abin da ba ka sani ba ne sihiri. Ka tambayi tsofaffin manoma kafin ka zargi kowa. Ku hana yara taɓa ta da hannu, gashin tsutsar na sa ƙaiƙayi. Ku riƙe azkar na safe da yamma.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya zaunar da Zamfara lafiya. Amin.