Mai Keke a Ƙofar Coci

A ƙasar Faransa akwai wata hanyar kekuna da ke bin gaɓar kogin Loire, tsawonta wajen kilomita 900, daga kusa da garin Nevers har bakin teku. In lokacin hutu ya zo, iyalai sukan ɗaure tanti da bargo da 'yar tukunya a bayan keke, su yi ta bi gari gari, inda rana ta faɗi su yada zango. Irin wannan hutu ya yaɗu tun 1936, shekarar da doka ta ba ma'aikatan ƙasar hutun mako biyu da albashinsu.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan hanya shi ne majami'un da ke jere a kanta. A Nevers ne gawar Waliyiya Bernadette take, wadda ta rasu a 1879. A Saint-Benoît-sur-Loire akwai tsohon gidan sufaye inda ake girmama ƙasusuwan Waliyi Benedict. Can gaba ga Tours, ga kuma ƙauyen Candes, inda kogin Vienne ya haɗu da Loire. Matafiyan nan sukan jingina kekunansu a bango su shiga, da gumi da gajeren wando, wasunsu ba su san ko alamar gicciye ba. Su ɗaga kai su dubi rufi, su ɗauki hoto, su fita. Daga nan tambayarmu ta taso: daidai ne ɗakin addu'a ya zama wurin kallo? Wanda ya shigo don ba ido abinci kawai, a bar shi ko a tsare shi a ƙofa?

Masu cewa a tsare shi suna da hujja, kada mu raina ta. An gina bagade domin hadaya. Tsohuwar da ta durƙusa tana kai kukanta gaban Ubangiji tana da hakkin a bar ta cikin shiru. Wanda ya ratsa gabanta yana hira ya yi mata laifi ko bai sani ba, wanda kuwa ya ɗaga na'urar hoto ana tsakiyar Misa ya yi rashin ladabin da ba zai yi a gidan surukansa ba. Baƙo ma akwai abin da ya rataya a wuyansa.

Amma mu dubi Candes da kyau. Nan ne Waliyi Martin ya rasu a shekara ta 397, ya je sulhunta ma'aikatan Ikkilisiya da suka sami saɓani. Aka ɗauki gawarsa cikin jirgin ruwa aka haura kogin zuwa Tours, inda ya yi aikin Bishof tun 371. Tafiyar yini guda ce a keke yau. Abin da duniya ta fi tunawa da shi kuwa ya faru ne a ƙofar birnin Amiens, lokacin yana soja, bai ma karɓi baftisma ba tukuna. Ya ga almajiri yana makyarkyata cikin sanyi, ya zare takobi ya raba mayafinsa biyu, ya ba shi rabi. Da a ranar aka tambaye mu ko wannan soja ɗan Ikkilisiya ne, da mun ce tukuna. To, wa ya ba mu ma'aunin da za mu auna zuciyar mai gajeren wando?

Akwai kuma abin da tafiyar kanta take yi wa mutum. Mai keke ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ruwan sama ya dake shi, iska ta tare shi, ƙishirwa ta sa ya roƙi ruwa a hannun wanda bai sani ba. Bayan kwana biyar yana kwanciya a ƙasa, ya rage girman kai ko bai yi niyya ba. In irin wannan mutum ya shiga inuwar coci ya zauna don ya huta, mu a ganinmu ya riga ya yi rabin abin da mai ziyarar ibada yake yi. Sauran rabin tsakaninsa da Allah ne.

Mun san abin da ya sa ake duba jaka a ƙofar majami'unmu da yawa, ba kuwa za mu ce a daina ba. Sai dai fuskar da ake dubawa da ita tana hannunmu, haka ma kujerar da ake nuna wa wanda ba a san shi ba.

Sufayen Saint-Benoît an kore su a zamanin juyin juya halin Faransa, aka kuma sake kafa gidansu sosai a 1944. Dokar Waliyi Benedict da suke bi ta umarce su su karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo. Da yamma in sun taru suna rera zabura, ƙofa a buɗe take. Masu keke sukan zauna a kujerun baya. Wasu su tashi bayan 'yan mintoci don su kai zango kafin duhu, wasu kuma su zauna har a gama.