Wa Za A Haɗa Da Kifin Firana A Tanki Ɗaya?

Yau zancen kifi na zo miki da shi, kifin ma ba na miya ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar kiwon kifi a cikin tankin gilashi a falo, wasunsu kuma ba abin da ke burge su irin firana, kifin nan na kogunan Kudancin Amurka irin su Amazon da Orinoko, mai haƙora masu kaifi kamar aska. Da mutum ya saya ya zuba, sai ya ga tankin ya yi masa fili, sai ya fara neman wani kifin da zai ƙara a ciki domin ado. To wane kifi ne zai zauna da firana lafiya?

Ki fara sanin halinsa, don an yi masa ƙarin gishiri da yawa. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je Barazil a 1913, ya dawo ya rubuta littafi a 1914 inda ya siffanta shi a matsayin kifin da ya fi kowane mugunta, daga baya masu fim suka ɗora nasu. Gaskiyar magana, firana mai jan ciki, wanda aka fi kiwo, matsoraci ne. Binciken da Helder Queiroz da Anne Magurran suka wallafa a 2005 ya nuna cewa tafiyar da suke yi a garke ta neman tsira ce daga kada da tsuntsaye da sauran masu cin su. Yana cin ƙwari da 'ya'yan itace da mushe, yana kuma cin kifi. Tsawonsa yakan kai santimita 30, yakan rayu fiye da shekara 10.

Masu kiwon sun gwada haɗa shi da kifaye iri-iri. Akwai faleko, wani dangin tarwada mai sulke a jiki. Akwai tetira, 'yan ƙanana masu sheƙi, waɗanda ake fatan babban firana zai raina su ya ƙyale. Abin da gogaggunsu ke faɗa kusan ɗaya ne: za a iya wata shida, har shekara, ana zaune lumui, rana ɗaya a wayi gari an ga rabin kifi yana yawo a saman ruwa. Kafin a kai nan ma, sau da yawa an daɗe ana gutsurar masa wutsiya da fiffike da daddare.

Mai tankin zai ce miki ai ɗabi'arsa ce, haka Allah Ya halicce shi, ko a kogi babba cin ƙarami yake yi. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai tuhumar kifi. Amma fa a kogi ƙaramin yana da wurin gudu. Yana da ciyawa, yana da saiwoyin itatuwa, lokacin ambaliya ruwa ya shiga daji ya ba shi faɗin da ba ya misaltuwa. A tanki kuwa bango huɗu ne na gilashi, kuma mutum ne ya zaɓi faɗinsu, shi ya zaɓi wanda zai shiga, shi ya rufe murfi. Kin ga kenan ba ruwan kogi a wannan lissafi. Wanda ya toshe hanyar gudu, abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Ajiye dabba don nishaɗi ba haramun ba ne, mun san ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) har yana tambayarsa labarinsa. Amma mun kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ki lura da kyau, ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Tsarewar ce ta ɗora mata nauyin.

Na san wata za ta ce, to Malama, mu ma ai muna yanka rago muna soya kifi, shi firanan iska zai ci? A'a, dole ya ci nama. Sai dai yana karɓar yankan kifi da jatan lande da aka adana a firji, ba sai an jefa masa mai rai ba. Hasali ma jajayen kifin ado da wasu ke jefa masa da rai suna ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, ga cututtukan da suke shigowa da su. Ashe shi kansa an cuce shi. Wanda ke jefa mai rai alhali akwai mafita, kallon farautar yake so, mu daina ɓoye-ɓoye.

Inda maganar ke da wuya shi ne na 'yan tetira a babban tanki mai ciyayi da maɓoya, inda wasu kan yi shekaru ba a taɓa su ba. Ba zan ce wanda ya yi haka azzalumi ne kai tsaye ba. Amma zan tambaye shi, don wa aka saka su? Firana bai nemi maƙwabci ba, tetira bai nemi wannan gida ba. Idon mai gida kaɗai ke amfana, kasadar kuma ran wani aka sa a ciki. Ni a ganina kyan gani bai kai wannan farashi ba.

Abokin zaman firana mai jan ciki shi ne ɗan'uwansa, shi ma da sharaɗi. Kada a ajiye biyu, domin mai ƙarfi zai addabi mai rauni har ya hallaka shi. Ko ɗaya tilo, ko biyar zuwa sama masu girma ɗaya, a tanki mai faɗi sosai, a kuma ƙosar da su, don yunwa da matsi kan sa su afka wa juna. Baƙin firana kuwa, shi kaɗai ake ajiye shi, ko jinsinsa ba ya haƙuri da shi. Wanda kuma ya riga ya haɗa, ya tanadi tanki na biyu tun yau, ranar da ya ga an fara gutsurar wutsiya ya raba su a ranar.