Shin Tsoro Ciwo Ne?

A shekarar 2021, wadda 'yan bindiga suka ƙone motar matafiya kusa da Gidan Bawa, gwaggona ta rasa ɗanta a hanyar Isa, ta yi ƙaura zuwa Sakkwato. Har yau in ta ji ƙarar babur sai ta laɓe bayan ƙofa tana makyarkyata, alhali kuwa ɗan kabu-kabu ne ke wucewa.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar warkar da irin wannan, wadda wani Ba'amurke, Aaron Beck, ya aza harsashinta a shekarun 1960. Ana zama da majinyaci a auna tunaninsa da hujja, sannan a saba masa da abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, har zuciya ta kwanta.

To, jama'a, ga tambayata: ya halatta a cire wa mutum tsoron abin da bai gushe ba? Gwaggo tana son komawa gida, can kuwa ƙarar babur takan zo da mutuwa.

Ni a ganina tsoro iri biyu ne. Akwai wanda ke sa manomi ya kasa kunne kafin ya shiga gona. Wannan hankali ne, raba shi da shi zalunci ne. Akwai kuma wanda ke hana tsohuwa barci a tsakiyar birni, yana raɗa mata cewa ita ta kashe ɗanta tun da ita ta aike shi. Wannan shi ne ciwon.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikin likita ya koya masa rarrabe tsumma da maciji. Kashe macijin kuwa yana wuyan hukuma. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.